Shugaban da komai ke hannunsa

Akwai wani irin shugaba da muke yawan yabo a ikilisiyoyinmu, kuma ni dai na daɗe ina ganin yabon nan yana cutar da shi, yana kuma cutar da mu. Shi ne mutumin nan da za ka ji ana cewa "ai in ba shi ba abin da zai tafi". Shi ke buɗe coci shi ke rufewa, shi ke karanta sanarwa, shi ke sasanta miji da mata, in an yi rasuwa shi ke neman motar ɗaukar gawa, in janareta ya ƙi tashi shi ake kira, har gishirin da za a saya na girkin taron gunduma sai an jira ya dawo ya sa hannu. Muna cewa mai himma ne, bawan Allah ne, kuma gaskiya yawancinsu bayin Allah ne, ban musa ba. Amma fa himma daban, shugabanci daban, kuma Littafi Mai Tsarki bai ɓoye mana wannan ba.

Ku buɗe Fitowa sura 18 ku karanta a hankali. Musa ya fito da jama'a daga Masar, maza kaɗai wajen 600,000 ban da mata da yara, sai ga shi ya zauna yana yi musu shari'a shi kaɗai tun safe har yamma, mutane na tsaye kewaye da shi suna jiran layi ya zo kansu. Surukinsa Yetro, firist na Madayana, ya zo ziyara ya kawo masa matarsa da 'ya'yansa biyu, ya zauna ya kalli wannan abu, sai ya tambaye shi me ya sa kake haka kai kaɗai. Amsar da Musa ya bayar mai kyau ce a kunne, ya ce mutane na zuwa wurina ne don su nemi nufin Allah. Wa zai yi gardama da wannan? Amma Yetro bai bari kyan amsar ya rufe masa ido ba, ya ce masa kai tsaye abin da kake yi ba daidai ba ne, za ka gajiyar da kanka, da kai da mutanen nan da ke tare da kai.

Wannan ƙarshen maganar ne ya fi tsaya mini a rai, da kai da mutanen nan. Mu in muna maganar shugaba mai yin komai, gajiyarsa kawai muke gani mu ce sannu Baba, Allah ya ƙara ƙarfi. Ba ma ganin waɗanda ke tsaye a rana. Ka yi tunanin mace da goyo a baya ta zo tun asuba saboda 'yar rigima da maƙwabciyarta wadda duk wani dattijo mai hankali zai kashe cikin minti goma, amma dole ta wuni a tsaye don an saba cewa sai Musa. Ita ma ai ana zaluntarta, ko da ba da gangan ba. Shawarar Yetro ita ce a zaɓi mutane a ɗora su kan 1,000, kan 100, kan 50, kan 10, ƙananan matsaloli su ƙare a wurinsu, manya kaɗai su iso gaban Musa. Ya kuma faɗi irin mutanen, masu iya aiki, masu tsoron Allah, masu gaskiya, masu ƙin cin hanci. Ku lura bai ce 'yan gidanku ba, bai ce 'yan ƙabilarku ba, bai ce wanda ya fi ba da baiko mai kauri ba.

Wani abu kuma, mutumin da Allah ya yi magana da shi ta cikin kurmi mai cin wuta, wanda ya tsaya gaban Fir'auna, shi ne ya saurari gyara daga bakin suruki, baƙo wanda ma ba Ba'isra'ile ba ne, ya kuma aikata duk abin da ya ce. A wurinmu ka san yadda zaman suruki yake, akwai kunya akwai jin nauyi, amma da yawa cikinmu in an ba mu ɗan muƙami ko matar da muke kwana ɗaki ɗaya da ita ba ta isa ta ce mana nan ka kauce ba.

Bari in ba ku abin da na gani da idona. Akwai wani dattijon ikilisiya da na sani, mutumin kirki ne ƙwarai, ba zan faɗi sunansa ko garin ba. Makullan coci duka suna wurinsa, ya ɗaure su da wata baƙar igiya a aljihun kaftaninsa, na babbar ƙofa, na ofis, na sito inda kayan kiɗa suke, na ɗakin janareta. Wani daren Asabar hawan jini ya kwantar da shi aka kai shi asibiti. Da safiyar Lahadi jama'a suka taru ƙofa a kulle, zumuntan mata sun ci ado da zanensu iri ɗaya suna zaune a gindin darbejiya, tulun kiɗansu da caki suna cikin sito ba damar ɗauka, yaran makarantar Lahadi sun fara guje-guje a fili, fasto da kansa yana tsaye da Littafi a hammata yana kallon kwaɗo. Sai da aka tura wani saurayi a kan acaɓa zuwa asibitin, matar dattijon ta laluba aljihun kaftanin da aka rataye a jikin gado ta ciro makullan. An buɗe an yi sujada, amma ba wuta don ba wanda ya san dabarar da yake yi wa janaretan kafin ya tashi. Littafin da ake rubuta waɗanda aka yi wa baftisma kuwa ashe yana gidansa a ƙarƙashin katifa.

Abin da ya fi yi mini ciwo ya zo ne bayan ya warke. Mutane suka riƙa zuwa gaisuwa suna cewa "Baba ka gani ko, ba ka nan komai ya tsaya", suna faɗa da ƙauna, shi ma ya ji daɗi, ba na ganin laifinsa don ɗan adam ne. Amma wannan maganar kamata ya yi ta sa mu duka mu yi shiru mu yi tunani. Shekara da shekaru mutum yana hidima, a ce ba yaro ko ɗaya da ya koyi tada janareta a hannunsa, mu kuma da muke zaune a benci ba wanda ya taɓa cewa Baba kawo in riƙe maka wannan. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka, kowa ya san karin maganar, amma mun bar shi yana ta kokawa da jinkar muna tafa masa.

Me ke sa mutum ya rungume komai haka? Wani lokaci tsoro ne kada a ɓata aikin, kuma tsoron yana da dalili, don wataƙila ya taɓa ba wani amana aka ci. Wani lokaci kuma saurin yi ne, ya ga in ya tsaya koya wa wani zai ɗauki awa biyu alhali shi zai gama a minti ashirin. Amma akwai wanda ba mu son faɗa, shi ne tsoron kada wani ya iya, ya ma fi mu iyawa, a daina nemanmu. A Littafin Ƙidaya sura 11 nauyin ya sake yi wa Musa yawa har ya ce wa Allah in haka za ka yi da ni gara ka kashe ni, Allah ya ce ya tara dattawa 70, ya ɗauki daga Ruhun da ke kansa ya sa a kansu. Biyu daga cikinsu, Eldad da Medad, ba su je alfarwa ba suna cikin zango amma Ruhu ya sauko musu suka yi annabci a can. Joshuwa ya ce ranka ya daɗe hana su. Musa ya ce kishi kake yi domina? Da ma dukan jama'ar Ubangiji annabawa ne. Duk sanda na karanta wurin nan sai in tambayi kaina, in na ji an ce wani ƙaramin yaro ya yi wa'azin da ya fi nawa ratsa mutane, ko wata da na koya wa aiki an ɗaga ta sama da ni, zuciyata za ta iya faɗin abin da Musa ya faɗa? Ina ganin kowane shugaba ya kamata ya riƙa yi wa kansa wannan tambayar a ɓoye, gaban Allah.

Sai maganar kuɗi, inda abin ya fi zafi. Ni a nawa ganin duk shugaban da ya yarda baiko ya riƙa bi ta hannunsa shi kaɗai ya jefa kansa cikin haɗari ko da bai taɓa taɓa ko sisi ba. A zamanin sarki Yowash, firist Yehoyada ya ɗauki akwati ya huda murfinsa ya ajiye kusa da bagade domin kuɗin gyaran Haikali, in ya cika magatakardan sarki da babban firist ne ke zuwa tare su ƙirga su ɗaure a jaka, yana nan a 2 Sarakuna 12. Bulus ma da yake tara gudummawa domin 'yan'uwa matalauta na Urushalima bai ce ku ba ni ai kun san ni manzo ne ba, a 2 Korantiyawa 8 ya yi bayanin Titus da wani ɗan'uwa da ikilisiyoyi suka zaɓa da kansu domin su yi rakiyar kuɗin, ya ce yana so a yi abin da ke daidai ba a gaban Ubangiji kaɗai ba har a gaban mutane. To in Bulus ya nemi shaidu, ni wane ne da zan ji haushi don an ce mutum uku su ƙirga baiko su sa hannu a littafi, a kuma karanta rahoton ma'aji a gaban jama'a? Sau da yawa in aka kawo wannan shawarar a mitin ɗin dattawa sai ka ji wani ya ce "wato ba ku yarda da ni ba ke nan". Ba haka ba ne Baba, kare ka ake yi, don ranar da tsegumi ya tashi littafin nan da sa hannun mutum uku ne zai yi maka magana.

Abin nan bai tsaya a coci ba. Je ka garejin bakanike ko shagon tela ka gani. Akwai ogan da yaro zai shekara huɗu a wurinsa yana wanke sifana yana sayo abinci, in an zo wurin ainihin aikin, wurin saita inji ko yankan babbar riga, sai a aike shi sayen ruwan leda don kada ya gani. Dalilin wai in ya iya zai buɗe nasa ya kwashe kwastomomi. Akwai kuma ogan da ke cewa zo ka riƙe almakashin nan, yanka, in ka ɓata yadin ni zan biya. Na biyun nan yakan yi asarar yadi kam, amma shi ne zai iya tafiya biki ko jana'iza ƙauye kwana uku shago na tafiya, kuma shi ne in ya tsufa ido ya raunana yaran da ya yaye za su riƙa turo masa aiki da alheri. Haka yake a ofis, shugaban sashe da ke kulle fayil a durowarsa ya tafi hutu da makulli, ko wanda lambar sirrin kwamfuta shi kaɗai ya sani, ya ɗauka yana tsare kujerarsa ne. In kai Kirista ne a irin wannan matsayi, waɗanda ke ƙarƙashinka ba za su tuna ayar da ka liƙa a bango ba, abin da za su tuna shi ne ko ka koya musu aiki ko ka ɓoye.

A gida kuwa abin ya fi ban tausayi, kuma a nan ina magana da mu maza musamman. Mun sha zuwa ta'aziyya mu tarar da gwauruwa ba ta san inda takardar fili take ba, ba ta san a wane banki maigidan ke ajiya ba, ba ta san wa yake bi bashi wa ke binsa ba, sai dangi su zo kowa da tasa maganar, ita da marayu su rasa tudun dafawa. Mutumin nan yana ƙaunar iyalinsa, ya yi musu wahala har ya mutu, amma ya ɗauka zama kan gida yana nufin komai ya tsaya a cikin kansa. Zaunar da matarka ka nuna mata takardun. Bar babban ɗanka ko 'yarka su ja addu'ar safe wata rana ko da za su yi ta in'ina, ba su kuɗin cefanen mako su lissafa su kawo canji. Ba rage maka girma zai yi ba.

Ta fannin ruhaniya ma akwai asarar da ba a gani da wuri. A Ayyukan Manzanni sura 6 gunaguni ya tashi a ikilisiyar Urushalima, Yahudawa masu jin Helenanci suka ce ana manta da gwaurayensu a rabon abinci na kullum. Manzannin nan goma sha biyu ba su ce ƙarya ne ba, ba su kuma ce to daga yau mu da kanmu za mu riƙa rabon ba. Suka ce jama'a su zaɓi mutum 7 masu kyakkyawar shaida, cike da Ruhu da hikima, su kuwa za su lizimci addu'a da hidimar Maganar. Ka duba sunayen waɗanda aka zaɓa, su Istifanus da Filibus har Nikolas mutumin Antakiya, duk sunayen Helenanci ne, wato ga alama ɓangaren da ya kawo kukan aka damƙa wa aikin. Mu da muke zaune a ikilisiya ɗaya da ƙabilu biyar shida muna sujada da Hausa, wannan darasi ne babba, don sau nawa ƙananan ƙabilu ke cewa ba a damawa da su sai a ce musu masu tada fitina ne. Ga kuma ɗaya gefen, faston da ke bin siminti da kwano da rasit tun Litinin har Asabar, yaushe zai zauna da Littafi? Ranar Lahadi tumaki za su gane, ko ba su faɗa ba.

Na san abin da wani zai ce, na ba su sun ɓata. Gaskiya ne za su ɓata wani lokaci. Yohanna Markus ya bi Bulus da Barnaba tafiyar bishara ya juya ya koma gida daga Bamfiliya, har abin ya jawo saɓani mai zafi tsakanin manyan biyu suka rabu, Barnaba ya ɗauki Markus suka tafi Kubrus, Bulus ya ɗauki Sila. Amma a ƙarshen rayuwar Bulus, a wasiƙarsa ta biyu zuwa ga Timoti, shi da kansa ya ce a zo masa da Markus don yana da amfani a gare shi cikin hidima. Da Barnaba ya yar da yaron nan tun faɗuwar farko fa? Sai dai kuma raba aiki ba shi ne ka jibga wa mutum kaya ka juya baya ba, in ya faɗi ka ce da ma na faɗa. Musa bai tafi hutu ba, manyan shari'u suna zuwa wurinsa. Nehemiya ya raba ginin garun Urushalima gida gida, firistoci da maƙeran zinariya da masu yin turare har da 'ya'yan Shallum mata kowa da sashensa, aka gama cikin kwana 52, amma shi da kansa yana wurin bai ko tuɓe tufafinsa ba, kuma shekara 12 yana gwamna bai karɓi abincin da doka ta ba gwamna ba saboda nauyin da ke kan talakawa.

In muka waiwayi tarihinmu ma za mu ga haka. A 1893 samari uku, Walter Gowans da Thomas Kent da Rowland Bingham, suka sauka Legas da nufin kawo bishara ƙasar nan tamu, shekara ba ta zagayo sosai ba biyu suka rasu a 1894, Bingham ya rage. Daga nan ƙungiyar mishan ta SIM, wato Sudan Interior Mission, ta samo asali. Da aikin ya tsaya a hannun Turawa kaɗai da bai kai ƙauyukan da ya kai ba, masu bishara 'yan ƙasa ne da malaman makarantun Littafi suka taka da ƙafa da keke suka shiga lungunan da Bature bai san sunansu ba. A 1954 aka kafa ikilisiyar ECWA daga aikin SIM, a 1976 kuma mishan ɗin ta miƙa mata ragamar ayyukan da ke hannunta. Haka Ekklesiyar 'Yan'uwa a Nijeriya da ta faro daga Garkida a 1923, da ikilisiyar COCIN da ta fito daga aikin mishan ta SUM, wato Sudan United Mission, yau duk 'yan ƙasa ne ke jan su. Waɗanda suka karɓa a wancan lokacin ba su da digirin da muke da su yanzu, an dai ba su, suka yi tuntuɓe suka tashi. To mu da aka miƙa wa, me ya sa miƙa wa na bayanmu ke yi mana wuya haka, har matashi ya kai shekara arba'in ana ce masa yaro ne bai isa shiga majalisar dattawa ba?

Amma ba zan ɗora laifin duka a kan shugabanni ba, don mu mabiya muna da hannu a ciki. Mutane da yawa suna maƙale wa kujera ne saboda sun ga abin da ya faru da wanda ya sauka kafin su. Fasto ya yi ritaya ya bar gidan coci, ɗan abin da ake ba shi bai kai na magani ba, waya ta daina ƙara, waɗanda ke cika falonsa da Kirsimeti sun koma falon sabon. Tsohuwar shugabar zumunta da ta yi shekaru tana yawon gaishe da marasa lafiya, yau ita ce kwance ba mai leƙa ta. Wanda ke kan kujera yana kallon duk wannan, to yaya za a yi ya saki da daɗin rai? In muna so su riƙa raba aiki su kuma sauka in lokaci ya yi, sai mun gyara yadda muke riƙe waɗanda suka sauka. Kwamitin godiyar kaka ya ware buhun masara ko na dawa da sunansu tun kafin a fara gwanjo, matasa su tsara wanda zai riƙa kai su asibiti ranar ganin likita, in za a yanke shawara mai nauyi a tura mutum biyu su je gida su ji ta bakinsu. A unguwarmu akwai irin waɗannan iyaye, a taku ma na tabbata akwai, kuma galibi gidajensu ba su da nisa da coci, ana iya biyawa bayan an tashi sujada kafin a wuce gida.